Yamato: Jirgin Yaƙin da Ya Fi Yin Faɗa a Kwamfuta

A shekarar 1922 manyan ƙasashe suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Washinton wadda ta ƙayyade manyan jiragen ruwan yaƙi: in Amurka da Birtaniya sun sami kashi biyar-biyar, Japan uku ne nata. Wannan rabo ya daɗe yana ci wa hafsoshin Japan tuwo a ƙwarya. Da ƙasar ta fita daga yarjejeniyar a 1936, sai suka yanke shawara cewa tunda ba za su kamo Amurka a yawa ba, to su wuce ta a girma. Sun kuma yi lissafin cewa jirgin Amurka tilas ya iya ratsa mashigin Panama, saboda haka faɗinsa na da iyaka.

Asalin Yamato ke nan. An fara ƙera shi a asirce a garin Kure cikin Nuwamba 1937, ya shiga aiki a Disamba 1941, 'yan kwanaki bayan harin Pearl Harbor. Tsawonsa mita 263, nauyinsa ya haura tan 70,000 idan an yi masa lodi. Manyan bindigoginsa tara, faɗin bakin kowacce santimita 46, harsashi guda kuwa ya kusa tan ɗaya da rabi, kuma yana iya tafiyar kilomita 42.

Amma duk da wannan kayan faɗa, zama ya fi yi. Ga shan mai, ga tsoron kada a rasa shi. Ya yi watanni a tsaye a tsibiran Truk har sojojin ruwa suka laƙaba masa suna Otal ɗin Yamato. Sau ɗaya tak ya buɗe wa jiragen ruwan abokan gaba manyan bindigogin nan, ran 25 ga Oktoba 1944, kusa da tsibirin Samar a Filifin. Ran 7 ga Afrilu 1945, yana kan hanyar Okinawa, ɗaruruwan jiragen saman Amurka suka yi masa rubdugu da bama-bamai, cikin kamar awa biyu ya nutse. Mutane fiye da 3,000 suka tafi tare da shi.

Yau matasa da yawa sun san Yamato ne ta wasan World of Warships, wanda kamfanin Wargaming ya fitar a 2015. Gaskiya masu zanen sun yi ƙoƙari, musamman da yake Japan ta ƙone yawancin takardun jirgin a ƙarshen yaƙi. Siffar tana nan, hasumiya da bindigogi duka. Yaƙin ne dai suka sauya. A wasan, jirage 12 ke fuskantar 12, a gama cikin minti 20. Mai ba ya ƙarewa, harsashi ba ya ƙarewa, in gobara ta tashi maɓalli ɗaya za ka danna ta mutu. A teku kuwa akasarin harsasai ruwa suke faɗawa; harbin da jirgin Birtaniya Warspite ya sami na Italiya da shi a 1940, daga nisan kusan kilomita 24, har gobe ana lissafa shi cikin mafiya nisa da aka taɓa dacewa. Jirgin Montana ma, babban abokin karawar Yamato a wasan, Amurka ta soke aikinsa a 1943 tun ba a fara ƙera shi ba.

A ganina, wasan ya ba Yamato irin yaƙin da aka ƙera shi dominsa, wanda tarihi ya hana shi, sannan ya cire ma'aikatan da ke ɗakin injin lokacin da ruwa ke shigowa. Ba na hana kowa wasa. Amma ɗan'uwa, in ka ƙware da tuƙa jirgin nan a kwamfuta, nemi labarin ran 7 ga Afrilu 1945 ka karanta.