FASHIN BAƘI: Yadda ake ƙara wa injin mota mai ƙwanji ƙarfi don tseren rubu'in mil

A Amurka akwai wani nau'in tsere wanda babu kwana a cikinsa, babu zagaye. Motoci biyu ne ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, fitila ta ba da kore, su miƙe tsawon rubu'in mil, wato mita 402. Cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka an san gwani. Ya bambanta da wasan mota da matasa ke yi a titunanmu lokacin biki, domin shi a killataccen fili ake yin sa, da agogo da alƙalai da dokoki. Hukumar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951, ita ce babbar mai kula da shi.

Mece ce mota mai ƙwanji?

Abin da Amurkawa ke kira "muscle car" mota ce matsakaiciya, galibi mai ƙofa biyu, wadda aka ɗora wa babban inji mai silinda takwas, tayoyin baya ne ke tura ta. Da yawa na ɗaukar Pontiac GTO ta 1964, mai injin lita 6.4, a matsayin wadda ta buɗe wannan zamani. Daga nan Chrysler ya fito da injin 426 Hemi, sannan Chevrolet Chevelle SS 454 ta 1970 ta kai ƙarfin doki 450.

Zamanin bai daɗe ba. Dokar tsaftace iska ta 1970, tsadar inshora da takunkumin man fetur na 1973 sun karya kasuwar. Sai dai motocin sun ci gaba da rayuwa a garejin masu sha'awa, inda ake yi musu garambawul har yau.

Tushen lamarin: iska

Inji na samun ƙarfi ne daga ƙona fetur, fetur kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Tura ƙarin mai abu ne mai sauƙi. Samar da iskar da za ta ƙona shi ne aikin. Saboda haka kusan duk wani gyara da ake yi wa injin tsere manufarsa ɗaya ce: iska ta shiga da yawa, hayaƙi ya fita da sauri.

Matakin farko shi ne buɗe wa injin numfashi. Ana sauya kabireta ko nozul da manya, a faɗaɗa hanyoyin iska na kan silinda, a sa manyan bawul, a kuma maye gurbin bututun salansa da masu faɗi. Sannan a sauya kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, da wadda ke ɗaga su sosai ta kuma bar su a buɗe na tsawon lokaci. Wannan na ƙara ƙarfi idan inji ya ɗau zafin juyi, amma yana sa mota karkarwa a tsaye da shan mai a cikin gari.

Wasu kuma girman injin suke ƙarawa, ta hanyar faɗaɗa ramin silinda ko sa karanshaf mai dogon zango, domin fistin ya zuƙi iska fiye da da.

Hanyoyi uku na ɗura iska

Idan numfashin inji ya kai iyakarsa, sai a koma ga tilas.

Ta farko ita ce sufacaja, famfon iska da bel ke juyawa daga injin. Tana amsawa nan take, amma tana cin wani ɓangare na ƙarfin da take samarwa.

Ta biyu ita ce turbo, wanda hayaƙin salansa ke juyawa. Yana cin moriyar abin da da asara za a yi, sai dai yakan ɗan yi jinkiri kafin ya kama, jinkiri kuwa babban aibi ne a tseren daƙiƙa goma. Duka biyun suna zafafa iskar da suka matse, shi ya sa ake haɗa su da na'urar sanyaya ta.

Ta uku ita ce iskar naitiros, wadda ake fesawa daga tulu. Kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinta iskar oksijin ce, alhali iskar da muke shaƙa kusan kashi 23 take da shi. Ita ce mafi araha, kuma ita ce mafi saurin hallaka inji idan ba a ƙara mata mai daidai gwargwado ba.

Inda kuɗi ke ƙonewa

Babban abokin gabar injin da aka ƙara wa ƙarfi shi ne fashewar mai ba bisa tsari ba a cikin silinda, sakamakon zafi da matsi. Tana iya huda fistin ko fasa gasket cikin ƙiftawar ido, inji ya buga. Maganinta shi ne mai mai yawan oktan, ko E85 wanda akasarinsa itanol ne, tare da saita ƙwaƙwalwar mota ta daidaita yawan mai da lokacin da filogi ke ba da wuta. Ƙwararru kan kuma sauya fistin da sandunansa da waɗanda aka ƙera da matsi, ba na zubi ba, kafin su ɗura ƙarin iska. Wanda ya tsallake wannan mataki, araha ce ya saya wadda ba ta ado.

Ƙarfi ba shi ne gudu ba

Abin da tallan kayan gyara ba ya yawan faɗa shi ne, ninka ƙarfin inji ba ya rage lokaci zuwa rabi. A lissafin da masu tsere ke amfani da shi, ninki biyu na ƙarfi yana rage kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kacal na lokacin. Dodge Challenger Demon ta 2018, mai ƙarfin doki 840, ta yi rubu'in mil a daƙiƙa 9.65. Demon 170 ta 2023, mai doki 1,025, ta yi shi a 8.91. Ƙarin doki 185 bai sayo cikakkiyar daƙiƙa ɗaya ba.

Haka kuma ƙarfin da taya ba ta kai ƙasa ba, hayaƙi ne kawai. Shi ya sa masu tsere ke sa ido kan lokacin mita 18 na farko, suke sa tayoyi masu laushi marasa zane, suke murza su kafin tashi don su yi zafi su kama ƙasa. Giya, kuloci da aksil na baya ma dole su iya ɗaukar sabon nauyin, in ba haka ba su ne za su fara karyewa. Rage nauyin mota kuwa yakan yi aikin da ƙarin doki ke yi, da kuɗi kaɗan.

Doka da rai

Gwargwadon saurin mota, gwargwadon sharuɗɗan NHRA: hular kwano, sannan kejin ƙarfe da ke kare direba, sannan laimar tsayarwa ga motar da ta kai mil 150 a awa. Hukumar ta hana Demon 170 shiga gasa yadda ta fito daga kamfani, sai an ƙara mata waɗannan kayan kariya.

Ba a banza aka tsaurara ba. Bayan mutuwar direba Scott Kalitta a filin Englishtown na jihar New Jersey a 2008, NHRA ta rage zangon ajin motocinta mafi sauri zuwa ƙafa 1,000, kusan mita 305, domin a samu wurin tsayawa.

A ɓangaren muhalli, dokar Amurka ta haramta cire na'urorin tace hayaƙi daga motar da ke bin titi, kuma hukumar EPA ta sha cin tarar kamfanonin da ke sayar da kayan kashe su.

A ƙarshen 2023 Dodge ya daina ƙera Challenger, Chevrolet ma ya dakatar da Camaro. Amma tsofaffin injinan suna nan, kuma ƙa'idar masu gyara ba ta sauya ba: a fara da birki, taya da kejin kariya, a ƙarfafa cikin inji, sannan a nemi ƙarin doki.