Sarkin Abzin, Baƙon da Aka Ɗauko Ya Raba Gardama

A farkon ƙarni na 15 ƙabilun Abzinawa sun gaji da junansu. Rijiya ɗaya sai ta haddasa faɗa, makiyaya ɗaya sai a zub da jini a kanta, fataken da ke ratsa duwatsun Abzin tsakanin Arewacin Afirka da ƙasar Hausa kuwa ba su san wanda za su biya su wuce lafiya ba. Babu ƙabilar da za ta yarda ta durƙusa wa ɗan wata. Sai manyansu suka shawarta su ɗauko sarki daga waje, mutumin da ba shi da dangi a cikinsu balle ya karkata.

Labarin da ake bayarwa a Agadas shi ne, tawaga ta tafi har Santambul ta roƙi sarkin can, ya ba su ɗansa Yunus, aka naɗa shi wajen 1405. Masana tarihi ba su gamsu da zancen Santambul ba, amma abin da labarin ke nufi a fili yake: alƙali aka nema, mai sasanta mutane. Shi ya sa aka daɗe ana kiyaye al'adar kada uwar sarki ta fito daga manyan gidajen Abzinawa. Waɗanda suka naɗa kuma su ke tuɓewa, sun kuwa tuɓe da yawa.

Sarakunan farko sun zauna a cikin duwatsu. Ilisawan, wanda ya yi mulki daga 1430 zuwa 1449, shi ya sauko da fada Agadas, a bakin kudancin duwatsun, inda hanyoyi ke haɗuwa. Ƙabilu suka kafa bukkokinsu kewaye da shi, daga baya bukkokin suka zama gidajen laka. Unguwanni 11 na tsohon gari har yau suna bin sawun waɗancan zangunan, lungu ya karkace nan, ya toshe can.

Da fatauci sarautar ta yi ƙiba. Ayarin raƙuma ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Balma ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya gangara kudu ya sauya su da gero da baƙin turkuɗi na Kano. A fada akwai Sarkin Turawa, mai kula da fatake, tun lokacin da Larabawa ake nufi in an ce Turawa. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna yadda Hausa ta shiga jinin garin, har ta danne yaren Songhai da aka taɓa yi a can. Askiya Muhammadu na Songhai ya ci Agadas a 1515, kuma ga wannan zamani ake danganta hasumiyar babban masallaci: tsayinta mita 27, laka zalla, faɗi a gindi tana tsukewa zuwa sama, itatuwa sun fito daga jikinta ta ko'ina don magina su taka in za a yi yaɓe. An sake gina ta a 1844, shekara 6 kafin matafiyi Heinrich Barth ya iso ya tarar da garin rabinsa kango.

Mafi ɗacin babi shi ne na 1916. Sarki Tagama ya haɗa kai da Kawsan, wani jagoran yaƙi na Abzinawa, suka yi wa sojan Faransa da ke Agadas ƙawanya daga watan Disamba har Maris na 1917, lokacin da dakaru suka iso daga Damagaram. Abin da ya biyo baya yana sosa mini rai duk sanda na tuna: aka karkashe mutanen gari, har da malamai, jama'a suka watse. Tagama ya mutu a kurkuku a Damagaram a 1920.

Fadar ba ta rufe ba. Ibrahim Umaru ya riƙe ta daga 1960 har rasuwarsa a 2012, ɗansa Umaru ya gaje shi, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Har gobe mai rigimar gida ko ta gado yakan nufi ƙofar fada kafin ya nufi kotu, ya cire takalmi, ya zauna a inuwar katanga yana jiran dogari ya yi masa iso.