Ayar da Gari Ke Buɗewa: Kiristocin Zariya da Fashin Baƙin Littafi Mai Tsarki

Tsakanin Bomo da Sabon Gari ba wata tafiya ba ce. Amma wanda ya ratsa Samaru da Kwangila da safiyar Lahadi zai ji ana karanta littafi ɗaya da Hausa da Turanci da Yarbanci da Ibo, kuma abin da kowane mai wa'azi ke tsamowa daga cikinsa daban ne. Nassin bai canja ba. Abin da ke canjawa shi ne wanda ke da ikon yin bayaninsa, da kuma ayar da halin gari ya sa ake yawan buɗewa. A Zariya akwai ƙari: Kirista bai taɓa karatunsa shi kaɗai ba, kullum akwai maƙwabci Musulmi da ke jin sa, wanda shi ma ya san Annabi Isa da Maryamu da Zabura ta tasa hanyar.

Tushen Kiristancin Hausawa a nan ma daga fashin baƙi ya fito, kuma ba na Linjila ba. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Ibrahim ya tattara ayoyin Alƙur'ani da ke magana a kan Isa, ya ba shi matsayin da sauran malamai suka ga ya wuce gona da iri. Aka kashe shi a kasuwa wajen 1867, almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa ƙasar Ningi da kewayenta. A 1913 wasu daga cikinsu suka iso wurin Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ke zaune a birnin Zariya tun 1905. Aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya ɗaiɗaita shi cikin 'yan shekaru, 'ya'yansu suka koma makarantar Miller, daga baya kuma Wusasa, inda mishan ta tare a 1929. Ke nan waɗannan mutane ba da hannu wofi suka zo ba. Sun zo da tarbiyyar zaure: a zauna gaban malami, a ja baƙi, a girmama takarda.

Wannan gado ya haɗu da aƙidar Furotesta cewa kowane mai bi ya karanta wa kansa. Da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, wanda Miller ne ƙashin bayan aikinsa, iya karatu ya zama kusan rabin ibada. Abin da ya biyo baya a fili yake. Wusasa, ƙaramar unguwa a gindin dutse, ta ba Arewa likitanta na farko, Dakta Barau Dikko, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Can kuma Yakubu Gowon ya tashi a gidan mai bishara. Ko cocin St Bartholomew, da aka gina da ƙasa irin ginin Hausawa, matsaya ce: bin Almasihu bai wajabta barin Hausanci ba.

Sabon Gari labarinsa gajere ne. Jirgin ƙasa ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, kowa ya zo da cocinsa da harshensa, Katolika na jin nassi ta bakin fada da koyarwar Ikilisiya, sauran kuma bisa abin da suka baro a gida. Sun daɗe suna karatu kamar baƙi, ba ruwansu da harkar mulkin gari.

A wancan zamani ayoyin da suka fi tasiri su ne Romawa sura 13, mai umartar biyayya ga mahukunta, da maganar Yesu a kan raba haƙƙin Kaisar da na Allah. Ikilisiyoyin da suka fito daga mishan ɗin SIM, wato ECWA, sun daɗe suna ɗaukar siyasa a matsayin kayan duniya. Ba kowa ya bi haka ba, tunda Dikko ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, amma rinjayen yana can.

Samaru ce ta sauya lissafin. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a can a 1962, ɗalibai suka shigo da tsarin ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957. A yi da'ira, mutum goma ko ƙasa da haka, kowa da littafinsa a cinya da biro a hannu. A karanta 'yan ayoyi, jagora, wanda ɗan aji uku ne a fannin injiniya ko noma, ya tambaya: me wurin ya ce, me yake nufi, me zan yi da shi yau? Babu fasto, babu bishop. Wannan ya haifar da masu bi da suka san littafinsu ciki da bai, ya kuma cire birki. Da guguwar Fentikos ta shekarun 1970 ta iso, hujjar "Ruhu ya nuna mini" ta fara gogayya da hujjar "haka malamai suka koyar".

A daidai lokacin ɗaliban Musulmi su ma suna nasu farkawar, ga muhawarar Shari'a ta 1977 zuwa 1978, ga rigimar shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, Rabaran Abubakar Bako ya yi wa'azi a taron FCS, ya jawo ayoyin Alƙur'ani yana musu bayani irin na Kirista. Faɗa ya kaure, aka rasa rayuka da masallatai a can, wutar ta tsallako Kaduna da Zariya da Funtua, aka ƙone coci-coci da dama, har da na harabar jami'a. Yusufu Bala Usman da abokansa malaman jami'a a Samaru sun ce masu neman mulki ne ke juya addini, kuma da gaskiyarsu. Sai dai ƙyastun da ya kunna wutar tambaya ce ta fashin baƙi: wa ke da ikon bayanin littafin wani? Tambayar da ta ci Malam Ibrahim ke nan, shekara 120 kafin nan.

Daga 1987 shafin da ake buɗewa ya sauya. Matiyu 5:39, ayar juya ɗaya kuncin, ta fara shan tambaya, har ya zama ruwan dare a ji matashi na cewa kunci biyu ke gare shi kuma an mari duka. Aka koma Luka 22:36, inda aka ambaci sayen takobi, da Nehemiya sura 4, inda magina ke aiki da makami a hannu. Ranar 17 ga Yuni 2012 bam ya tashi a babban cocin Christ the King a Sabon Gari da cocin ECWA a Wusasa, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan Musulmin da ba su ji ba ba su gani ba a Kaduna. Tsoron masu tsaron ƙofar coci gaskiya ne, ba na raina shi. Amma a ma'aunin karatu, wanda ya tsaya a aya ta 36 ya yanke zance a tsakiya, domin kafin surar ta ƙare an zare takobin, Yesu ya tsawatar, ya warkar da wanda aka sara. Nehemiya kuwa da izinin sarki ya yi gininsa. Tsare kai daban, ramuwar gayya daban.

Yau wata ayar ke tashe, Malakai 3:10, ta zakka da buɗewar albarka, kuma ba mamaki a garin da ke yaye dubban matasa zuwa zaman jiran aiki. Taron Koinonia na mai wa'azi Joshua Selman a Samaru ya soma a 2011 kafin ya kai Abuja da ƙasashen waje, kuma akasarin masu bin sa a waya suke jin sa, da Turanci. Kwalejin tauhidi ta St Francis a Wusasa na nan tana koya wa masu shirin zama limaman coci su dubi tarihin aya da abin da ke gabanta da bayanta, amma muryarta ba ta kai nisan intanet. Mai karatu da Hausa kuwa, wanda ke riƙe da fassarar 1979 ko Sabon Rai Don Kowa, littattafan sharhi da harshensa ƙalilan ne. Yawancin bayanin da yake samu daga bakin fasto ne, sai kuma Zumuntar Mata, inda ake haddace aya, a sa mata murya da tulu da caki, a kai ta gidan biki da gidan makoki.