Tarihin Dashen Dogon Yaro a Ƙasar Wurno da Raba da Goronyo

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa dogon yaro, wanda ya cika titunan Wurno da Raba da Goronyo, baƙo ne, kuma karɓar da manomi ya yi masa tana da iyaka.

A zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ribaɗinsa na Wurno, inda ya rasu a 1837, manomin kwarin Rima bai dogara ga dashe ba. Abin da ya fi sabawa da shi shi ne ƙyale abin da ya tsiro da kansa, kamar gawo da tsamiya da kuka da aduwa. In yana sassabe ya tarar da ɗan gawo, sai ya kewaye shi ya wuce.

Asalin dogon yaro daga Indiya ne. Daga Gwalkwas, wato Ghana ta yau, aka kawo shi Lardin Barno a 1928, sa'an nan aka kai dashensa Lardunan Kano da Katsina da Sakkwato cikin shekarun 1930. Ƙwayarsa ba ta jure ajiya, domin bayan 'yan makonni takan mutu. Saboda haka tilas malaman daji su shuka ta da ɗanyenta a wurin reno kusa da ruwa, a yi ta bayi wata da watanni, kana a dasa idan damina ta kankama. Dasawar ma ita ce mai sauƙi. Wahalar tana ga ranin farko, lokacin da dashe ke bukatar ban ruwa da shingen ƙaya, don kuwa jar akuyar Sakkwato, in ciyawa ta ƙare, ɗacin ganye ba ya hana ta ci.

Jama'a sun karɓe shi a ƙofar gida da kasuwa da makaranta, amma ba kasafai akan bar shi tsakiyar gona ba. A ganina wannan ba jahilci ba ne. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, gero ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa. Shi kuwa dogon yaro riƙe inuwarsa yake yi, saiwoyinsa kuma suna rabon ruwa da shuka.

Inda ya shiga gona sosai shi ne arewa da mu, a kwarin Majiya na ƙasar Nijar, wanda ruwansa ke gangarowa tafkin Kalmalo kusa da Illela. A can, bayan farin 1973, ƙungiyar CARE da malaman daji suka fara dasa shi a 1975, layi biyu-biyu, domin tare iska. Amfanin gero ya ƙaru a bayan layukan. Sai dai da itatuwan suka isa sara, wata tambaya ta taso: icen na mai gona ne, ko na gari, ko na hukuma?