Fagge da Sabon Gari: Yadda Baƙi Suka Zama 'Yan Gari

Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Da yawa daga cikinmu mun tabbatar da gaskiyar wannan magana ranar da neman abinci ya sauke mu a Legas, ko Abuja, ko Fatakwal, ko Jidda, ba mu san gabas ba, ba mu san yamma ba. To, ya kamata mu waiwayi tarihin unguwannin da suka haife mu, domin Fagge da Sabon Gari baƙi ne suka gina su, kuma babu wata wahalar baƙunci da muke sha a yau wadda wani bai sha irinta a ƙofar gidan kakanninmu ba.

Fagge ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin Buzaye daga Azbin ke sauke raƙumansu da gishiri da dabino, su sayi hatsi da turkuɗi su koma. Baƙon wancan zamani ba ya neman ɗakin haya, fatoma yake nema, wato mai masaukin da zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, sa'an nan ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Babu takarda, babu sa hannu. Amana ce jarin kowa. Wanda ya daɗe yana zuwa sai ya nemi aure, ya kafa gida, jikokinsa su tashi ba su da wani gari sai Fagge.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Nan da nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kamfanoni irin su John Holt suka kafa kantuna, aka shiga neman akawu da masu awo da ma'aikatan reluwe da na gidan waya. Masu wannan ilimi a lokacin mutanen Kudu ne da na Saliyo da na ƙasar da ake kira Gana a yau. Saboda su aka yanka Sabon Gari wajajen 1913, a zamanin Sarki Abbas, aka ja tituna a miƙe, aka kuma ajiye unguwar ƙarƙashin jami'in Turawa. Sai a 1940 ta dawo hannun En'e. Har yau sunayen titunan, irin su Freetown da Gold Coast da Abeokuta da Enugu, suna gaya mana inda mazaunanta suka fito.

Yaya sabon zuwa yake zama a can? Da ya sauka daga jirgi sai ya tambayi gidan ɗan garinsu, ya shimfiɗa tabarma a ɗakinsa har ya sami aiki. Garin rogo da manja da doya jirgi ke kawo masa, nama kuwa sai a wurin mahautanmu, dole ya koyi Hausar ciniki. Da suka yi yawa sai mutanen kowane gari suka kafa ƙungiya, suna taro, suna karo-karo, su biya wa marar lafiya magani, su yi wa mamaci sutura, su aika da kuɗi gida a gina makaranta. Ashe irin zumuncin da muke yi yau a birane, maƙwabtanmu sun riga mu fara shi a kan idon iyayenmu.

Kwarori, wato mutanen Labanan da Siriya, ta wata hanya suka bi. An ba su filaye a Fagge ta Kudu, inda mutum zai yi kanti a gaba, ya zauna da iyalinsa a baya ko a sama. Sun fara da ƙananan kaya, suka shiga sayen gyaɗa da sayar da atamfa, daga baya suka koma sufuri da masana'antu a Bompai. Abin da ya fi taimakonsu shi ne harshe, domin da yawa daga 'ya'yansu sun tashi da Hausa a baka kamar kowane Bakano. Bayan dokar 1972 da ta keɓe wa 'yan ƙasa wasu sana'o'i, kantunan suka riƙa komawa hannun yaran da suka yi musu aiki da sauran 'yan kasuwarmu. Kantin Kwari da titunan Beirut da Lebanon su ne shaidar wannan zama.

Sai dai an ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Tsarin Turawa ya sa mutane suna haɗuwa a kasuwa da rana, amma kowa ya kwana a unguwarsa bai san gidan ɗan'uwansa ba. Da siyasa ta yi zafi a watan Mayu na 1953, tsakanin Fagge da Sabon Gari aka ja daga. An kwana huɗu ana rikici, hukuma ta ƙidaya gawa 36. Abin da ya faru a 1966 ya fi haka muni, har Inyamurai suka bar gidajensu suka gudu. Duk da haka, ba za mu manta ba cewa a Sabon Gari aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma cikin waɗanda suka kafa ta har da Bello Ijumu, Bayarabe. Haka kuma bayan Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970, da yawa daga waɗanda suka gudu sun dawo an mayar musu da gidajensu. Inda aka san juna, amana ta tsira. Inda ciniki kawai ya haɗa, ƙaramar jita-jita ta isa ta tada gobara.

Yau mu ne muke sauka a tashar wasu. Idan ƙaninmu ya iso, mu zama fatomansa, kada ya kwana a gindin gada muna da ɗaki. Mu koyi harshen masu gari, mu je musu barka da ta'aziyya, kada mu killace kanmu a zango sai ranar tashin hankali mu fara neman wanda ya san mu. Sa'an nan kada mu yanke ƙafa da gida, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci nemanmu, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.