Aiki ko Hali: Abin da Zaɓukan Jigawa Suka Nuna

Tun da aka cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a 1991, aka mai da Dutse babban birni, mu masu zaɓe muke ta auna abu biyu: abin da shugaba ya iya, da kuma yadda yake mu'amala da jama'a.

A 1999 muka zaɓi Ibrahim Saminu Turaki, mutumin da aka sani da sakin hannu da sakin fuska. A zamaninsa aka rarraba ma'aikatun gwamnati zuwa garuruwa irin su Haɗejia, Gumel, Kazaure da Ringim, Dutse ta zama babban birni a suna kawai. Duk da haka muka sake zaɓensa a 2003.

Sule Lamido, ɗan Bamaina, wanda ya taso a gidan siyasar Malam Aminu Kano, ya hau mulki a 2007. Ya dawo da ma'aikatu Dutse, ya gina sakatariya da filin jirgin sama, ya kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa. Ba a san shi da rarrashi ba. Magoya bayansa na kiran hakan tsare gida, 'yan adawa na cewa izza ce. A 2015 ɗan takararsa, Aminu Ibrahim Ringim, ya sha kaye. Gine-ginen suna tsaye, amma guguwar “sak” ta fi su ƙarfi, domin jama'a sun gamsu da halin Buhari, Mai Gaskiya, suka bi jam'iyyarsa daga sama har ƙasa.

Wanda guguwar ta kawo, Muhammad Badaru Abubakar, aka laƙaba masa “Mai Kalkuleta”. Ga wasu yabo ne na tattalin dukiyar jama'a, ga wasu kuwa zambo ne na maƙo. A 2023 muka miƙa kujerar ga mataimakinsa, Umar Namadi, akanta kuma tsohon kwamishinan kuɗi, ya kayar da Mustapha Sule Lamido.

Darasin shi ne, hali nan take ake jin sa, a wurin ta'aziyya ko ɗaurin aure, amma amfanin aiki sai bayan shekaru yake bayyana, sau da yawa bayan mai shi ya sauka. Duba hali ba laifi ba ne, domin da wuya mutum marar amana ya riƙe baitulmali. Kuskurenmu shi ne ɗaukar fara'a a matsayin amana. Kafin zaɓe mai zuwa, mu tambayi kanmu: wanda ya gaishe mu da murmushi, ya taɓa kammala aikin da ya fara?