Yadda Ake Kula da Tsohuwar Motar A-Kori-Kura Mai Amfani da Man Dizal

Gabatarwa

A yankunanmu na karkara, motar a-kori-kura ita ce ke kai taki gona, ita ke kwaso amfanin gona zuwa kasuwa, kuma ita ake nema cikin dare idan mara lafiya yana buƙatar asibiti. Tun zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, har zuwa Toyota Hilux ta yau, akasarin masu irin wannan mota ta hannu suke saye. Saboda haka muka tanadi wannan bayani domin wanda ya mallaki mai amfani da man dizal a karon farko, da kuma jami'an ƙananan hukumomi da ke kula da motocin aiki. Injin dizal yana da juriya ƙwarai, amma rayuwarsa ta dogara ne a kan tsabtar abubuwa huɗu: baƙin mai, man dizal, iska da ruwa.

Makon farko

Kafin a biya kuɗi, a tabbatar lambar shasi da ta inji sun yi daidai da abin da ke cikin takardu. Bayan saye, kada a dogara da maganar mai sayarwa cewa bai daɗe da yin sabis ba. A juye baƙin mai, a sake filtar mai da ta dizal da ta iska, a duba man giya da man birki. Haka kuma a binciki bel ɗin taimin. A tsofaffin injinan Hilux irin su 2L da 3L, ana sake shi bayan kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke mota na tafiya, yakan lalata kan inji. In babu shaidar ranar da aka sake shi, a sake shi nan take.

Baƙin mai

Tsohon injin dizal yana buƙatar juye bayan kowace kilomita 5,000, tare da sabuwar filta. A yi amfani da man da aka yi domin injin dizal, kamar 15W-40, a cikin jarkarsa ta asali wadda ba a fasa ba. A lura cewa man injin dizal yakan yi baƙi da wuri, don haka launi ba shi ne ma'auni ba. Lissafin kilomita shi ne.

Man dizal

Famfon dizal da nozul suna cikin kayan da suka fi tsada a motar, kuma ruwa da datti ne ke kashe su. A guji man bakin hanya, domin akan gauraya shi da kananzir, wanda ba shi da santsin da famfo ke buƙata. A ƙasan filtar dizal akwai wurin da ruwa ke taruwa. A riƙa kwance shi ana zubarwa, musamman da damina. Kada a bari tanki ya ƙafe, domin iska za ta shiga bututu, mota ta ƙi tashi sai an fitar da ita.

Iska da ruwa

Ƙurar hunturu da hanyoyin burji suna toshe filtar iska cikin ɗan lokaci. A riƙa duba ta kowane mako, kuma kada a tuƙa mota babu ita ko da na yini ɗaya ne. A duba ruwan lagireto da safe, inji na sanyi. Buɗe murfinsa inji na zafi yana ƙona fuska da hannu. Muna kuma jan hankalin masu motoci game da al'adar cire tamostat: maganin zafin inji shi ne wanke lagireto da gyara fanka da fambel. Da zarar allurar zafi ta hau, a tsaya, a kashe inji.

Abin da hayaƙi ke nunawa

Baƙin hayaƙi: filtar iska ta toshe, ko nozul ya lalace, ko kaya sun yi yawa.
Shuɗin hayaƙi: inji yana cin baƙin mai.
Farin hayaƙi da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi: dizal ba ya ƙonewa sosai, ko ruwa yana shiga inji. A garzaya wurin makanike.

Lodi, taya da birki

Mafi yawan waɗannan motoci an ƙera su ne su ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo 100, kuma nauyin mutanen da ke ciki yana cikin lissafin. Ƙarin buhu biyar yana iya kawo ribar yini, amma yana karya sifirin, ya fasa taya, ya hana birki kamawa a gangara. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali, 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. A duba su kafin a sayi taya ta hannu. Bayan an ratsa rafi ko laka, a wanke ƙarƙashin mota, a sa giris, a gwada birki.

Kammalawa

Muna ba da shawarar a ajiye ɗan littafi a cikin mota, a riƙa rubuta ranar kowane juye da gyara, da kilomita, da kuɗin da aka kashe. Ga motar hukuma, wannan littafi shi ne shaidar direba da ta shugabansa ranar da aka zo bincike. A tsayar da makanike ɗaya wanda ya san injin dizal, a kuma sabunta lasisi da inshora a kan lokaci, kamar yadda jami'an VIO da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke buƙata. Rigakafi ya fi magani: kuɗin filta da galan ɗin baƙin mai ba su kai asarar motar da ta kwanta a gareji a tsakiyar kaka ba.